Bohol ɗin layinmu ya koma kwanciya saboda tsadar mai, ta ina za mu fara?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan aikin ya daure ya yi magana.

A layinmu nan Kano akwai bohol ɗin masallaci da wani bawan Allah ya haƙa mana shekarun baya, Allah ya jiƙansa da rahama. Da wutar kamfani muke buga ruwa, in babu sai a tada janareto kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa a sayi mai. Haka muke ta lallaɓawa har ranar 29 ga Mayun 2023 da shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 kafin sati ya zagayo ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1000. Daga nan karo-karon ya fara ja da baya, kuma ni ban ga laifin kowa ba, mutumin da bai ajiye na cefane ba ta yaya za ka ce ya kawo na fetur.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ke zagayowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala, Arewa ta yi sama da sati guda a duhu. Da idona na ga yarinya da ba ta fi shekara takwas ba ta ɗaura igiya a hannun jarkar lita 25 tana janta a ƙasa don ba za ta iya ɗauka ba, gindin jarkar har ya fara yoyo kafin ta kai gida. Wallahi ranar ban yi barcin kirki ba.

Ni dai na cire rai da cewa mai zai dawo da araha, gara mu shirya tun yanzu. Muna tunanin maida bohol ɗin na sola. Matsalar ita ce an taɓa haɗa kuɗin gyaran transfoma a layin nan, har yau ba a zauna an yi mana lissafi ba, shi ya sa da ka ce "a haɗa kuɗi" sai ka ga fuskoki sun canja. Ta ina za mu faro?

Injiniya Abba:
Wa alaikumus salam. Malam Allah ya saka da alheri da wannan tunanin. Aikina ke nan, haɗa sola, bari in fara da abin da zai rage muku kuɗi sosai: kar ku sayi batir. Mutane da yawa da an ce sola sai hankalinsu ya tafi kan batir da inbata, alhali bohol ba ya buƙatarsu. Akwai sumo, wato famfon da ake zurawa cikin bohol, da ke aiki kai tsaye da farantan sola, rana ta fito ya fara turo ruwa, rana ta faɗi ya tsaya, tankinku shi ne batir ɗinku. Kuɗin da za ku zuba a batir ɗin da zafin Kano zai cinye shi cikin shekara biyu ko uku, ku ƙara tanki da shi. Farantan kuwa in masu kyau ne suna haura shekara 20.

Amma kafin ku sayi ko ƙusa ɗaya, ku nemo wanda zai auna muku zurfin bohol ɗin da yawan ruwan da yake bayarwa, kuma a yi awon a watan Afrilu ko Mayu lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa, ba da damina ba. Na sha zuwa wurin da aka sayi sumo mai ƙarfi fiye da rijiyar, ya zuƙe ruwan tas ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone. Akwai ɗan na'urar da ake sa masa mai kashe shi in ruwa ya ƙare, ba ta da tsada, kar ku yarda a haɗa babu ita.

Farantan su kalli kudu, a ɗan jingine su kaɗan, a walde su cikin firam na ƙarfe a sama saboda ɓarayi. Sai kuma ƙura, da hunturu in aka bar su sati biyu ba a goge ba za ku ga ruwan ya ragu ku ɗauka sumo ne ya lalace. Ku ware yaro ɗaya mai hankali ya riƙa wankewa da sassafe kafin su ɗau zafi, kuma a riƙa ba shi ɗan wani abu, kar a ce aikin Allah ne kawai, zai gaji.

Dattijo Mai Goro:
Ɗana, Injiniya ya gaya maka na ƙarfe, ni bari in gaya maka na mutane, don shi ya fi wuya. Na ga kwamiti sun fi a ƙirga a unguwarmu, kusan duk ba a wurin tara kuɗin farko suke mutuwa ba, ranar da abu ya lalace aka duba asusu babu ko sisi, ranar suke watsewa. Don haka ko sola ce kar ku ce ruwa kyauta ne. A sa kuɗi kaɗan a kan jarka, ƙasa da na kasuwa, marayu da gwauraye da tsofaffi a rubuta sunansu a ɗauke musu, abin da aka tara a ajiye shi don gyara kawai.

Batun yarda kuwa, kar kuɗi ya kwana a aljihun kowa, ko da liman ne. Ku buɗe asusu a banki da hannu uku, sai biyu sun sa hannu kuɗi zai fita, duk Juma'ar ƙarshen wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar masallaci, a manna takardar a bango. Kuma ku je wurin mai unguwa tun kafin taron farko, kar ya ji a bakin mutane.

Abu ɗaya da ban ji ka ambata ba, 'yan garuwa. Bayin Allahn nan da kurar nan suke ci da iyalansu, in kuka share su za ku yi maƙiya a banza. Ku ba su lokacinsu na ɗiba da farashinsu, su za su kai wa gidajen da ke nesa.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu nan Nijar mun ɗanɗana tun kafin ku. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke muna wuta a farkon Agusta, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin ɗari na wutarmu daga wajenku take zuwa, mu Maraɗi da Damagaram layin Katsina ne ke ba mu. Sai a watan Maris na 2024 aka maido. A tsakanin nan ne aka kunna tashar sola ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30, ta rage ma mutanen can zafi, amma mu a unguwanni wanda ke da pano (farantan sola) a kan forajinshi (bohol) shi ya zama gatan kowa.

Abin da nike so in ƙara shi ne kar ku tsaya a ruwa kawai, ku yi tunanin itace. A karkararmu tun shekarun 1980 manoma suka fara abin da muke kira sassabin zamani, wato in kana sharar gona ba ka tumɓuke kututture, sai ka zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi ka bari ka sassabe sauran. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba, yau gawo da kalgo sun cika gonaki daga Maraɗi har Damagaram, ana maganar hekta miliyan 5. Kuma abin da ya riƙe shi kwamitocin ƙauye ne, kamar na Ɗan Saga a yankin Agye, inda aka sa manoma da makiyaya da mata cikin masu tsaron itacen. Kakata da takan yi tafiyar rabin yini neman kara da kashin shanu, daga baya a gonar gida take samun na girki.

Maman Ilham:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ƙorafina ɗaya ne Baban Khalifa, duk maganar nan ƙofar masallaci ake ta ambata, alhali mu ne muka san jarka nawa gida ke sha a rana, mu ne muka san wace maƙwabciya ce ta kwana biyu ba ta yi wanki ba ta kasa faɗa. Ku sa mata a kwamitin, in ba za su zauna da maza ba su yi nasu zaman a gidan mai unguwa wakiliya ta kai muku.

Kuma mun iya tara kuɗi, shekara nawa muna adashe ba a ji kanmu ba. A layinmu da gas ya gagara kowa ya koma gawayi, gawayin ma ya hau, sai muka yi adashe na musamman, duk wadda ta kwasa murhu mai tattalin gawayi za ta saya, irin mai yumɓu a ciki ɗin nan da ke riƙe zafi. Buhun da nake ƙararwa da wuri yanzu yana ɗan jimawa, wake kuma tun dare nake jiƙa shi. Yanzu maganar injin markaɗe muke yi, don mai markaɗen layinmu ta rufe saboda fetur, yara sai sun tsallaka titi da bokitin gero.

Baban Khalifa:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, na kwafe komai a littafi. Baba Mai Goro gaskiya batun 'yan garuwa bai zo min ba sam, gobe in sha Allah bayan la'asar zan samu shugabansu, daga nan in wuce wurin mai unguwa. Hajiya Maman Ilham na karɓi gyara, uwar adashen layinmu zan fara aika maiɗakina wurinta. Injiniya don Allah in mun auna zurfin zan turo maka lambobin a nan ka duba mana girman sumon da ya dace, sannan tankinmu ɗaya ne na roba kuma ƙarfen da yake kai ya fara tsatsa ta ƙafa ɗaya, shi ma ko sai an sake?

Injiniya Abba:
Turo hoton ƙafar tukuna in gani. Amma kar ku ɗora tanki na biyu a kansa, lita dubu ɗaya ta ruwa tan guda ce cif, a yi masa nasa ƙarfen daban.