Wane kamus zan saya wa ƙanwata, Oxford ko Chambers?

Ɗan Fagge: Salam jama'a. Ƙanwata tana aji shida na sakandare, makarantar kwana ce, suna karanta Shakespeare a darasin adabi, kullum kukanta su thou, hath, wherefore, ga kuma kalmomin gwamnati irin su subpoena. Dubu 20 gare ni. In sayi Oxford Advanced Learner's ko in nemi Chambers da aka ce ya fi tsoffin kalmomi? Ku lura, an hana su riƙe waya.

Abba Sharp: Wa'alaikumussalam. Haba yaya wa ke sayen kamus a wannan zamani, ka sauke mata a waya kyauta ne

Ɗan Fagge: Abba ka karanta har ƙarshe mana.

Maman Ilham: Ni dai shawarata ka buɗe ido. Bara na sayo wa ɗana Oxford a bakin kasuwa dubu 9, bango mai sheƙi har da leda, ashe na jabu ne. Takarda kamar ta ƙosai, rubutun bayan shafi yana leƙowa ta gaba, yaro ya zo neman kalma a harafin S sai ya tarar daga R an tsallaka T, an maimaita masa M sau biyu. Na koma da shi mutumin ya kalle ni ya ce Hajiya ai kin cire ledar, wai in da ban cire ba zai karɓa, to ta yaya zan ga babu S ban cire leda ba? Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Sani Kwamfuta: Dubu 9 ai kin san ba na asali ba ne Hajiya, na asali ya haura 30.

Ummu Khairat: Wane 30? 18 na saya wata uku da suka wuce kuma lafiyarsa ƙalau

Sani Kwamfuta: Ki duba S 😂

Malam Tsohon Ticha: Ɗana, Oxford ɗin nan Hornby ya tsara shi don masu koyon Turanci, yana da thou da hath amma a taƙaice. Chambers na mutanen Sikotland ne, shi ne ke tara tsoffin kalmomi har ya nuna maka wadda Shakespeare ya yi amfani da ita, sai dai bayaninsa ya yi wa 'yar sakandare tsauri kuma da wuya ka same shi a nan. Abin da ya fi mata shi ne bugun wasan Shakespeare ɗin mai sharhi a ƙasan shafi ko a gefe. Yara da yawa suna ɗauka wherefore tana nufin ina, alhali me ya sa take nufi, sharhin nan shi ke warware irin wannan nan take. Subpoena kuwa sammacin shaida ne, Oxford ɗin nan na da ita.

Abba Sharp: Baba da girmamawa, zamaninku na kamus ɗin Michael West ya wuce

Ummu Khairat: Kai Abba ji rashin kunya. Kai da ko tambayar ba ka karanta ba.

Ɗan Damagaram: Mu nan Larousse na Faransanci muka sani, in kuna so in aiko a motar Kano 😄

Sani Kwamfuta: Ko ka sayo mata babban Oxford mai juzu'i 20 na 1989, sai ka haɗa da kurar da za a tura shi

Maman Ilham: Ku yi ta dariya. Ni abin da ya fi ƙona min rai ma makarantar ce, bana sun ce dole a wajensu za a sayi littattafai, an haɗa kuɗin cikin kuɗin makaranta, da aka raba sai ga irin wancan na jabun dai sak.

Ummu Khairat: Mu har littafin aikin gida sai sabo duk shekara, ƙani ba ya gadon na wansa saboda a ciki ake rubutu. 'Ya'ya huɗu fa.

Ɗan Fagge: To yanzu Malam, mai sharhin kaɗai ko in haɗa da Oxford ɗin?

Maman Ilham: Ummu ku nawa suka caje ku wannan zangon?