Yaro yana son tiyata, mahaifinsa yana son maɗori: maganar wa za a bi?

Kawun yaro, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ɗan ƙanwata mai shekara 16 ya faɗi a kan babur ya karye a cinya, likita ya duba hoton ƙashin ya ce sai an yi tiyata an sa ƙarfe. Yaron ya fahimci bayanin sarai, har ya tambayi wata nawa zai yi kafin ya taka, kuma ya ce aikin yake so, domin ya ga yadda ƙafar abokinsa ta gajarce bayan ɗorin gida. Mahaifinsa kuwa ya ƙi sa hannu, wai shi ma maɗori ne ya gyara masa hannu yana yaro. Shin maganar yaron tana da nauyi?

Ma'aikaciyar jinya, Katsina:
Wa alaikumus salam. A dokar haƙƙin yara ta 2003, wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, shi ya sa muke neman sa hannun uba ko waliyyi. Amma ikon iyaye yana da iyaka, domin a 2019 Kotun Ƙoli, a shari'ar Esabunor da Faweya, ta amince da ƙarin jinin da aka yi wa jariri duk da mahaifiyarsa ta ƙi, saboda ransa yana cikin haɗari. Kafin a kai ga nan, Malam, ka bincika a asirce ko kuɗin aikin ne surukinka yake jin nauyin ambata.

Malamin Islamiyya, Daura:
A mazhabar Malikiyya balaga tana tabbata da alamominta, sai idan ba su bayyana ba ake jiran shekara 18. Wanda aka ɗora wa salla da azumi, ai ba a ce ba shi da ta cewa a kan ƙafarsa ba. Sai dai kada a haɗa ɗa da mahaifinsa. A tura dattijon da uban yake jin kunya.

Wani uba, Sabuwar Unguwa:
Ina da tambaya, Kawu. Da yaron ne ya ƙi tiyatar, uban ya yarda, za ka ce a bi maganar yaron?

Kawun yaro:
Gaskiya da ban ce ba, kuma tambayarka ta hana ni barci. Gobe in sha Allahu baffan yaron zai raka mahaifin wurin likita, kuma mun roƙi a bar yaron ya yi magana da bakinsa.