Yanka da ɗinki: in gama kayan mutum ɗaya, ko in haɗa yanka duka?

Tela daga Tudun Wada: Assalamu alaikum. Idan Sallah ta matso, al'adata ita ce in ɗauki shaddar mutum ɗaya, in yanka, in ɗinka, in sa maɓalli, sannan in koma kan ta gaba. Amma na lura duk sa'ad da na tashi daga keke na koma teburin yanka, sai na tsaya ina duba littafin awo kamar ban taɓa ganinsa ba, har a makon jiya na yanke hannun kaftani da awon wani mutum daban. Gajiya ce, ko tsarin aikin ne?

Malami daga Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam, Malam. A ganina tsarin ne. Tun a 1927 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Arthur Jersild, ya nuna cewa mutum yana yin jinkiri idan yana sauyawa tsakanin tarawa da ɗebewa a kan jerin lambobi iri ɗaya, amma idan aiki ɗaya na lambobi ne ɗayan kuma na kalmomi, jinkirin yakan ɓace, domin abin da ke gaban mutum shi ke tuna masa aikin da zai yi. Shadda ɗaya ce a gabanka wajen yanka da wajen ɗinki, don haka ƙwaƙwalwa ce ke ɗaukar nauyin tunawa. A 1995 wasu masana biyu, Rogers da Monsell, a Ingila sun gano cewa ko an ba mutum lokacin shiri, wani ɓangare na jinkirin yana nan.

Tsohon tela, Kasuwar Barci: Ɗana, ka yi yankanka duka da safe, lokacin da ido yake da ƙarfi. Sai dai haɗa yanka yana da nasa haɗarin, domin ƙyallaye sukan cakuɗe. Ni nakan rubuta suna da awo a 'yar takarda, in maƙala ta da fil a jikin kowane yanki, in naɗe kayan kowa daban.

'Yar'uwa daga Kawo: Yaya, ka duba wayarka ma. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa aikin da aka bari ba a gama ba yana riƙe wani ɓangare na hankali bayan an koma kan wani. Idan mai kaya ya kira kana tsakiyar hannun riga, ka ƙarasa hannun tukuna, sannan ka kira shi.