Kujerar da na haɗa da damina ta fara girgiɗi da shigowar hunturu: katako ne ko haɗi?

Malamin Lissafi, Zariya

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, amma shekara uku ke nan ina taɓa aikin kafinta a wata 'yar rumfa da na kafa a bayan gida, inda na yi benci biyu, da kantar littattafai, da teburin cin abinci mai ɗaukar mutum shida. Da na gama teburin sai uwargida ta ce tebur babu kujeru ai rabin aiki ne, saboda haka a watan Agusta na haɗa guda ɗaya a matsayin gwaji kafin in shiga sauran biyar. Na yi ta da katakon malaina, na haɗa ƙafafu da sandunan gefe da farin gam, sannan na ɗaura sukuru biyu a kowace mahaɗa. Ranar da na gama ta, ko motsi ba ta yi. Yanzu ga shi muna tsakiyar Janairu, idan mutum ya zauna ya jingina sai a ji tana ƙara, kuma a inda ƙafar baya ta haɗu da sandar gefe har wata 'yar kafa ta buɗe wadda farce yake shiga.

Ina roƙon masu sanin sana'ar su faɗa mini inda na kuskure, domin ba na son in sayi katakon kujera biyar in maimaita ɓarnar sau biyar. Kayan aikina na hannu ne: zarto, guduma, cizal, sukwaya, da injin huda katako ƙarami.

Tsohon Kafinta, Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Kuskure biyu ka yi a lokaci guda, kuma kowannensu shi kaɗai ya isa ya kwance kujera.

Na farko shi ne lokacin da ka yi aikin. Katako yana shan danshin iska yana kuma amayar da shi muddin yana nan, ko da ya shekara ashirin a ɗaki. A ƙasarmu ta Arewa, a tsakiyar damina ruwan da ke jikin busasshen katako yakan kai wajen kashi 14 ko 15 cikin ɗari, amma idan hunturu ya kankama sai ya sauko zuwa kashi 5 ko 6. Idan ya sauko, katakon yana tsukewa ta faɗi da kauri, tsawonsa kuwa kusan ba ya canzawa. To kai ka haɗa kujerarka a Agusta, lokacin da kowace sanda take a kumbure, ga shi kuma ka zaɓi malaina, wadda duk wanda ya yi aiki da ita ya san tana da jinkirin bushewa ƙwarai. Sai ka ga bayanta ya bushe sarai, ka sa zarto ka tarar da cikinta da sanyi. Yawancin katakon da ake saukewa a kasuwannin 'yan katako irin ta Na'ibawa daga kudu yake zuwa, inda iska take da laima duk shekara, don haka ko mai sayarwa ya ce maka busasshe ne bai yi ƙarya ba, bushewar can ce ba ta nan ba.

Maganin wannan ba ya buƙatar na'ura. Ka sayi katakonka yanzu, ka jera shi a inuwa inda iska take ratsawa, ka sa 'yan sanduna tsakanin kowane falanki da ɗan'uwansa, ka ɗora nauyi a sama don kada ya murɗe. Ka yanki guntu ɗaya ka riƙa ɗora shi a sikeli duk mako kana rubutawa. Ranar da ka ga mako biyu ko uku nauyin bai ragu ba, ya shirya. Kujerar da aka haɗa a Fabrairu ko Maris, idan damina ta zo mahaɗarta ƙara matsewa take yi.

Na biyu shi ne haɗin, kuma a nan ne na fi son ka tsaya. Tebur yana tsaye ne kawai, ana ɗora masa kaya daga sama. Kujera kuwa ana janta, ana jingina da ita, yaro yana ɗaga ƙafafunta na gaba yana lilo a kan na baya, kuma duk wannan wahalar a wuri ɗaya take taruwa, wato daidai inda ka ce farcenka yana shiga. Sukurun da ka ɗaura ya shiga sandar ne ta bakinta, ya bi tsawon jijiyar katako, inda ba ya samun abin kamawa sosai, gam kuma ba ya riƙe bakin katako domin tsotse shi yake yi kamar yadda rake yake tsotse ruwa. Abin da ake yi a wannan wuri shi ne harshe da rami: ka fere bakin sandar ya zama harshe mai kaurin kashi ɗaya cikin uku na sandar, ka haƙa masa rami a jikin ƙafar daidai da shi, zurfin ya kai santimita 3 idan ƙafar za ta ɗauka. Injin hudarka zai cire maka yawancin cikin ramin, cizal ya gyara gefuna. Gwajin da maigidana ya koya mini shi ne, harshen ya shiga da turin hannu da ɗan bugu kaɗan, kuma idan ka ɗaga ƙafar sandar kada ta zame ta faɗo. Idan sai da dukan ƙarfi ya shiga, zai tsaga ƙafar. Idan yana lilo, kada ka ce gam zai cike, farin gam ba ya cike rami.

Bayan haka ka huda ta gefe ka soka turaku na katako mai tauri ya ratsa harshen, sannan a ƙarƙashin mazauni ka sa ƙananan katako masu kusurwa uku a kowane lungu. A can ne sukuru yake da amfani.

Ɗan Katako, Yamai

Baba ya gama magana a kan haɗi, ni dai zan ƙara a kan zaɓen itace, domin a nan kasuwar Katako abin da muke yini muna gardama a kai ke nan. Malaina ba ta da laifi wajen yin kantar ajiye kaya ko ƙofa, amma tana da laushi, ni ba zan sa ta a ƙafar kujera ba. Farin katakon nan mara nauyi da ake kira obeche ya fi ta rauni, ƙwaro kuma yana son sa. Idan aljihu zai ɗauka, Malam, ka nemi maɗaci ko loko. Maɗaci yana da nauyi da kyan ja, sai dai jijiyarsa a sarƙe take, idan kayan aikinka ba su da kaifi zai riƙa tsattsagewa a fuska. Loko gara ba ta cika damunsa ba, amma ƙurarsa tana sa tari da ƙaiƙayi, ka rufe hanci idan kana gugarsa da samfefa. Madobiya ta fi su duka kyau a idona, sai dai saran da aka yi mata ana kai wa Sin ya sa tun 2017 ta shiga jerin itatuwan da aka sa wa cinikinsu takunkumi tsakanin ƙasashe, kuma ba na ba kowa shawarar ya ƙara mata nauyi. Mutane suna raina darbejiya saboda tana ko'ina, alhali dangin maɗaci ce, kuma idan ta bushe da kyau tana yin kujera mai ƙarko.

Abu ɗaya da na saɓa da Baba a kai shi ne zancen malaina ce ta jawo. Ko maɗaci ka ɗaure da sukuru ta baki, hunturu biyu ya ishe shi.

Maman Amira, Kaduna

Ni ba kafinta ba ce, ɗinkin katifun kujeru nake yi, amma kujerun da ake kawo mini sun koya mini abin da masu haɗa su suke mantawa. Malam, kafin ka yanka komai ka auna teburinka. Idan tsayinsa santimita 75 ne kamar yadda aka saba, mazaunin kujera ya tsaya a wajen 45, kuma idan za a sa soso a cire kaurinsa daga lissafi, in ba haka ba cinyar mutum za ta riƙa gugar ƙasan tebur. Zurfin mazaunin kada ya wuce 42 ko 43, domin mu mata da yara idan ya yi zurfi sai bakinsa ya riƙa danne bayan gwiwa. Majinginar kuma a ɗan kwantar da ita baya kaɗan. Wadda aka miƙe sak kamar sanda ba a iya gama cin tuwo a kanta. An taɓa kawo mini guda takwas masu kyan gani, amma sai da mutum biyu suke ɗaga ɗaya, matar gidan ta ce ita ta gaji da su tun kafin a sa musu yadi. Wanda zai share ƙarƙashin tebur kullum shi ma a tuna da shi.

Malamin Lissafi, Zariya

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya da yamma na kwance kujerar, na tarar gam ɗin ya bushe ƙamas a bakin sandar kamar ɓawon albasa, bai kama komai ba, sukurun kuwa da yatsa na zare ɗaya. Baba, saura tambaya biyu. Ƙafar baya da take lanƙwasa, daga tu-bai-tu, wato katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci biyu, zan fitar da ita? Kuma mazaunin katako zalla nake so, ba soso ba, shin in manne shi da gam?

Tsohon Kafinta, Kano

A'a, tu-bai-tu ba zai ba ka lanƙwasa ba. Ka sayi falanki mai kaurin inci biyu da faɗi sosai, ka zana siffar ƙafar a jikin filawud ka yanke ta zama ma'auni, sannan ka kwantar da ita a kan falankin yadda jijiyar katako za ta bi tsawon ƙafar gwargwadon iko, domin inda jijiya ta gitta a gajarce nan take karyewa. Da wannan ma'auni ɗaya za ka fitar da ƙafafu goma sha biyu, har da na kujerar gwajin, kuma ka yanka kowane iri gaba ɗaya a zama guda don kada wata ta fi wata.

Mazauni kada ka manne shi. Allo mai faɗin santimita 40 yana iya motsa rabin santimita tsakanin Maris da Agusta, idan ka ɗaure shi tam zai tsage. Ka ɗaura shi da sukuru daga ƙasa ta cikin katakon lungun nan, ka ɗan faɗaɗa hudar ta gefe don ya samu wurin numfashi. Ranar haɗawa kuma ka fara gwada komai babu gam, sannan ka haɗa bayan kujerar daban, gabanta daban, washegari ka haɗa su a kan daɓen da yake daidai, babu tudu babu kwari, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu kafin gam ya kama. Idan ba ka da abin matsewa, igiya da ɗan sanda ka murɗa, da ita muka koya.