Musayar waƙa: Gongola, daga duwatsun Jos zuwa Numan

Ɗan Koma:
Bismillah, ga tawa.

Daga kan duwatsun Jos Gongola ke tasowa,
Siriri ne a can, ko yaro na tsallakewa.
Ya miƙe arewa kamar Cadi zai kaiwa,
A Nafada ya yi kwana, kudu yake komawa.
Hawal daga Biu ya sauko su yi gamuwa,
A Numan Binuwai na jiran haɗiyewa.

Gwaggon Baiti:
Taswira ka karanto, ɗana, ba musawa,
Kogin da babu kifi ai kwata ce mai wucewa.
Ina tsage mai haƙora, ina karfasa da gaiwa?
Ko tsoron minjirya ya hana ka taɓawa?

Ɗan Koma:
Gwaggo, gaiwa ba ta son dutse da kwararowa,
A taɓo take kwanciya har damina ta yi dawowa.
Kamar ke, wata uku shiru, ba kya leƙowa,
Sai an yi yayyafin waƙa mu gan ki kina fitowa.

Mai Gora:
Kai! Allah ya ƙara basira. Yau Gwaggo ta gamu da gamonta.

'Yar Tsandauri:
Wane gamo? Kai dama ko tari ya yi sai ka tafa masa.

Malam Aruli:
Ku yi haƙuri, ɗangon "A taɓo take kwanciya" ya karye, gaɓoɓinsa sun yi yawa. Amsa-amon "wa" kuma arha ne, kowane aikatau ka liƙa masa sai ya zauna. "Ta yi dawowa" kuwa ba Hausa ba ce, dole ce.

Mai Gora:
Allah gafarta Malam, kullum gyara. A zubo mana naka mu ɗana.

Malam Aruli:
A Daɗin Kowa an tare shi da babban gini,
A Kiri ma an datse shi tun 1982, ku ji ni.
Giwan ruwa sai zurfi, can yake samun sukuni,
Ba ya hawa duwatsu, bare ya bi mai raini.

'Yar Tsandauri:
Malam, 1982 ɗin da wane kari ake rera ta? Na gwada, numfashina ya ƙare tun a "ɗari tara".

Malam Aruli:
A rubuce ake auna ta.

Mai Gora:
To ashe likitan ma gurgu ne.

Gwaggon Baiti:
Kwana biyu ba caji, ku matsa.

Gaiwa na numfashi ko da kogi ya ƙafe,
Kai kurungu ne, ɗana, a taru ka maƙale.
Sai gurnani da ƙaya, alhali an riga an ɗaure,
Da ka hango ni, kamar Gongola a Nafada ka lanƙwashe.

'Yar Tsandauri:
Ayyururui! Ɗan Koma, fito mana.

Malam Aruli:
Ɗangon ƙarshe ma ya yi tsawo, Hajiya.