Jariri a kan injin numfashi: yana jin zafi idan ana zuƙe masa majina?

Maman Bakwaini, Aboabo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana yana kwalba, inji ne ke taya shi numfashi. Duk lokacin da nas ta zura 'yar siririyar roba don zuƙe masa majina, sai ya tamke fuska, baki a buɗe, amma ko ƙis ba ka ji. Surukata ta ce jinjiri bai san zafi ba tukuna. Waɗanda suka taɓa zaman nan, don Allah me kuka gani?

Nas, Asawase: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. Yana ji ƙwarai. Bututun da ke bakinsa ya ratsa ta wurin da murya ke fitowa ne, shi ya sa kukan ba ya tashi. Mu fuska muke dubawa: goshi ya tattare, ido ya runtse gam, bugun zuciya ya hau, lambar oksijin da ke kan allon na'ura ta faɗi. Kada ki ga laifin Hajiya. Likitoci ma sun daɗe a kan wannan fahimta, har shekarun 1980 ana yi wa jarirai tiyata da maganin kashe zafi kaɗan, kafin binciken wani likitan yara, Dokta Anand, na 1987 ya taimaka aka sake tunani. Zuƙewar kam ba makawa, don majina tana toshe bututu. Sai dai ana yi ne idan an ga buƙata, ba don agogo ya buga ba, kowace zura ba ta wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, robar kuma ba a tura ta can ƙasa da ƙarshen bututun.

Maman 'Yan Biyu, Tafo: Hassanata ta kwanta a sabon sashen uwa da jariri da aka buɗe a 2018 a asibitin Komfo Anokye, Kumasi. Wata sista ta koya mini abu ɗaya: in wanke hannu, in ɗumama shi, in sa tafi ɗaya a kanta, ɗayan in tattara ƙafafu da hannayenta zuwa cikinta, kamar yadda take kwance a mahaifa. Ba shafawa, ba jijjigawa, riƙewa kawai. Wallahi ina kallon allon, lambar ba ta daɗe a ƙasa kamar ranar da ba na nan.

Wani Uba, Sawaba: Ni a inda muka kwanta, da dare nas ɗaya ce da jarirai cike da ɗaki. Wa zai riƙe yaro? Ta zuƙe ta wuce na gaba, iyaye kuma an ce mu tsaya waje. Ba na zaginta, amma har yau abin yana cina.

Maman 'Yan Biyu: Sannu Malam. Mu har ɗigon nonon da na tatsa suke sa mata a gefen kunci kafin su fara.

Nas: Haka ne, nono ko ruwan sukarin asibiti, kamar minti 2 kafin a fara. Amma ba kowane jariri ake ba ba, kuma uwa ba ta sawa da kanta. Zuma kam ko kusa.

Maman Bakwaini: Na gode ƙwarai. Yaya Nas, idan na roƙi a bar ni in riƙe shi, ba za su ce na cika shisshigi ba?

Nas: Ki je tun lokacin zagayen safe, ki tambayi babbar sista a gaban likita.