Tsakuwa huɗu sun ƙi motsi a gurbin dara

Malamin aji shida:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Ringim. Ba mu da kwamfuta, sai na haƙa gurabe a yashi kamar na dara, a ƙarƙashin darbejiya, don in nuna wa yara Wasan Rayuwa da masanin lissafi John Conway ya ƙirƙiro a 1970. Kowane gurbi na da maƙwabta takwas. Tsakuwa mai maƙwabta biyu ko uku ta zauna, in ba haka ba a ɗauke ta. Gurbin da ba kowa, in tsakuwa uku cif suka kewaye shi, a sa masa sabuwa.

Uku a jere suna ta juyawa, tsaye, kwance, tsaye. Amma da wata yarinya ta jera huɗu, biyu sama biyu ƙasa, mun yi zagaye bakwai ko gezau. Ta ce, "Malam, sun mutu ne?" Abin ya tsaya min a rai. Kuskure muka yi?

Ɗan Bichi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba kuskure. Kowace tsakuwa tana da maƙwabta uku, ba mai ɗauke ta. Guraben gefe kuwa biyu suke gani, na kusurwa ɗaya, ba a kai ukun da za a haifi sabuwa ba. Ka ce mata suna da rai, zamansu ne ya daidaita. Ƙasa da tsakuwa huɗu ba a samun irin wannan.

Malama daga Gumel:
Wanda ya fi burge ni shi ne mai rami a ciki. Bar gurbi ɗaya wayam, ka sa tsakuwa gabas, yamma, kudu da arewa da shi. Yara za su rantse tsakiyar za ta cika. Ba za ta cika ba, maƙwabtanta huɗu ne, sun yi yawa. Akwai kuma mai shida da ake kira amya: gurabe biyu wayam a tsakiya, tsakuwa biyu sama, biyu ƙasa, ɗaya a kowane gefe. Amma Malam, ka haƙa fili biyu, a duba wannan a jera a wancan. In ana ɗauka ana ƙirgawa a wuri guda, lissafin rikicewa yake.

Malamin aji shida:
Allah ya saka da alheri. Yau yarinyar ta cire tsakuwa ɗaya daga huɗun don ta gwada. Zagaye ɗaya kawai, gurbin ya ga maƙwabta uku, ta dawo. Gobe za mu gwada mai ramin.